Haƙorin Dakta Matse

Ba kowace unguwa ce Allah ke yi wa baiwa da mutum irin Dakta Matse ba. Gaskiya ne bai taɓa leƙa ajin likitanci ba, amma wannan ƙaramin abu ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a ofis. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya lura da bishiyar lemun tsami a tsakar gidansa, wadda maiɗakinsa ta shuka, take kuma ba ta ruwa. Kallo ɗaya ya yi mata, ilimi ya sauko masa.

Ya ɗinka farar riga, ya kafa kujera a ƙofar gida, ya ajiye wuƙa da kofi.

"Jama'a," in ji shi, yana ɗaga yatsa, "ciwo iri biyu ne a duniya. Akwai wanda lemun tsami ke warkarwa, akwai wanda mai shi bai sha da yawa ba."

Mai tari, a matse masa. Mai tumbi, a matse masa. Telan layin ya zo yana kukan matarsa ta yi yaji, shi ma ya tafi da lemu uku a aljihu. Maiɗakin Dakta kuwa, da ta saba tsinka ta kashe ƙarnin kifi ko ta goge tukunya, yanzu sai da izini.

"Hajiya, ba a wanke tukunya da magani," ya ce mata. Ta dube shi, ta dubi bishiyarta.

Babban bincikensa a kan haƙori ya faɗo. Ya ce kowa ya riƙa dirza lemun tsami a haƙori kullum da safe, ya guntse ruwan ya bar shi ya jiƙa. Unguwa ta ɗauka. Haƙora suka yi fari tas, har aka fara dariya ba dalili. Bayan ɗan lokaci dariyar ta ragu, don duk wanda ya kurɓi ruwan sanyi sai ya daka tsalle.

"Alhamdulillahi," in ji Dakta. "Alamar yana aiki ke nan."

Wata safiya shi ma ya kurɓi ruwan sanyi. Zafin ya tsarga masa har tsakiyar kai. Ya matse lemun tsami a wurin, ya ƙara matsewa, kumatu ya tashi kamar ya ɓoye lemun a ciki. Da abin ya kai ko gaisuwa ba ya iya amsawa, ya cire farar rigar, ya sa baƙin tabarau, ya ce wa Hajiya zai je taro. Ya nufi asibitin haƙori a can ƙarshen gari, inda ba wanda ya san shi.

Yana tura ƙofa ya tarar da benci a cike: ga tela, ga direban maƙwabta, ga mijin 'yarsa, kowa riƙe da kumatu.

"Baba, lafiya?" surukin ya tambaya da ƙyar.

"Na zo duba yadda suke aiki ne," in ji Dakta, miyau na zuba.

Layi ya zo kansa. Likitan ya haska fitila, ya girgiza kai.

"Kai ma? Wai wane ne yake sa ku wannan aika-aika?"

Tela ya leƙo ta ƙofa. "Ranka ya daɗe, ai shi ne Daktan."

Likita ya cire safar hannu, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ashe kai ne! Wallahi saura kaɗan in rufe wurin nan don rashin masu zuwa. Yanzu har na ɗauki mataimaki. Allah ya raya bishiyarka, Alhaji. To, buɗe baki."

Dakta Matse ya buɗe. Tun da ya yi ritaya, ranar ce kaɗai ya buɗe baki ba wanda ya cutu.