Tankin da Ya Fi na Alhaji Sule Tsawo

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan jikana na fari ba, kuma da ana iya goge rana daga rayuwar mutum, da ita zan fara gogewa. Ba wanda ya ja mini. Ni na kira mai walda da bakina.

Alhaji Sule maƙwabcina ne a Madachi, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma tare muka sha bulala a makarantar allo. Shi Allah ya buɗa masa a harkar hatsi, ni kuma ina nan da noman ranina, albasa da tumatir. Da ya haƙa bohol ya ɗora ƙaton tanki a kan dogon ƙarfe, ban roƙe shi ba ya sa aka ja bututu ta ƙarƙashin katanga zuwa gidana. Na sayi ɗan tankin roba na aza a kan bulo a tsakar gida. Ruwa ya gangaro daga nasa ya cika nawa, maiɗakina ta huta da jiran 'yan garuwa. Na yi masa godiya har cikin zuciyata. (To, rabin zuciyar dai.)

Ana nan sai surukina, mahaifin mijin 'yata, ya zo daga Kibiya duba ta, don ta dawo gida goyon ciki. Muna cin abinci ya ce, "Ai gidanka ba ya ɓata, Malam. Kowa na tambaya sai ya ce, gidan da ke gindin tankin Alhaji Sule."

Na yi dariya, amma tuwon nan da ƙyar ya wuce. Gidan da mahaifina ya gina tun babu ko bukka a layin, yau shi ne ake kwatance da tankin Sule! Ga bikin suna yana tafe, duk mutanen Kibiya da wannan kwatancen za su zo.

Washegari na ɗauko mai walda daga Rano. Ya ce, "Baba, tsawon yaya kake so?" Na nuna masa na Sule na ce, "Ka ga wancan? Ka wuce shi." Maiɗakina ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, mu da ba mu da bohol, me za mu yi da hasumiya?" Na ce mata ita ba ta san harkar ruwa ba.

Aka gama, aka ƙara tsawon bututu, aka ɗora tanki. Na fita har bakin titi na waiwayo. Wallahi ya yi kyau. Abu ɗaya kawai ya rage: ko ɗigon ruwa bai shiga ba.

Na hau tsani da wannan gwiwar tawa mai ciwo, na buɗe murfi, na ɗaga ƙwallon nan da ke tsayar da ruwa idan ya cika, na sauke shi. Shiru. Na sayo sabo na canza. Shiru. Na hura bututu da bakina, na bubbuge shi da dutse. Daga nan zuciya ta ba ni amsar da nake so: Sule ya ga nawa ya fi nasa, baƙin ciki ya kama shi, ya rufe mana ruwa. (Ku lura da wanda ake zargi da baƙin ciki, ku lura da mai zargin.)

A haka yarinya ta haihu. Wankan jego kuwa ba ya jira, safe da yamma sai an dafa ruwa, ga tsohuwar rijiyarmu ta kusa ƙafewa saboda bazara. Maiɗakina ta ce in je in tambayi Alhaji. Na ce ba zan roƙi mai hassada ba.

Ranar suna, an raɗa wa yaro suna, ana raba goro da dabino a ƙofar gida, sai aka aiko daga ciki cewa ruwan duro ya ƙare, ga tukwane a kan wuta. Na dubi Sule yana zaune kusa da liman yana fara'a, raina ya tashi. Na ce da ƙarfi, "Alhaji, ko don maijego ai ka buɗe mana ruwan nan. Don tankina ya fi naka tsawo ba laifin jariri ba ne."

Sule ya dube ni ya ce, "Ni? Ni na rufe maka ruwa?" Ya miƙe ya ce wa liman da surukina su biyo shi. Muka shiga gidansa, ga makullin bututu a buɗe. Muka dawo nawa, ya tsuguna a gindin ƙarfen, ya kwance mahaɗar bututun. Ruwa ya yi tsartuwa ya wanke mini babbar riga tun daga ƙirji har ƙasa.

Ya ɗaga kai ya kalli tankin, ya kalle ni. "Mutumina, ruwan yana ƙofarka tun ranar. Ka ɗaga tankinka sama da inda ruwan yake fitowa, da wace ƙafar zai hau? Kai da kake kora ruwa a fadama, ka taɓa ganin ya haura tudu?"

Surukina ya toshe baki da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Ni dai ina tsaye ina ɗiga.

Sule da kansa ya jona tiyo aka cika wa mata duro. Da zai fita ya ce mini a hankali, "Da ka ƙwanƙwasa mini ƙofa, da ba a kai ga haka ba." Wannan magana ta fi mini ciwo a kan jiƙewar. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, kuma bai taɓa yanke bututun ba. Amma na daɗe kafin in iya haɗa ido da shi a sahu.

Tanki ya koma kan bulonsa, yana cika tun kafin hantsi. Ƙarfen kuwa yana nan tsaye, ba komai a kansa sai tattabaru. Kwatancen gidana ya canza kamar yadda na so: yanzu cewa ake yi, gidan mai dogon ƙarfe ba tanki.

Idan maƙwabci ya ba ku ruwa, ku bar tankinku inda ruwan zai iya samunsa. Kuma don Allah kada ku kai wannan labari Kibiya. Jikan nawa yana can, ya fara wayo, har yanzu yana zaton don tattabaru na kafa ƙarfen.