Tsohuwa Ta Rasu a Akwatin Mai Walda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai shagon sitika na ƙarshen layi yake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Tsohuwa, wato madabod ɗin kwamfutarsa, koren allon nan da duk mai shiga shagon ya saba gani kwance a kan kwali, tsirara.

Marigayiya ba ta da sauri, ba ta kuma taɓa cika bakin tana da shi ba. Amma kullum safiya in an danna mata, sai ta ce "tiit" sau ɗaya, ta kama aiki. Ita kaɗai injin yanka sitika yake jin maganarta, domin katin da ke haɗa shi da kwamfuta ba ya shiga jikin kowane allo na zamani. Da ita ake ci a gidan mai shago, da ita ake sha.

Tun da tsatsa ta cinye akwatinta na asali take zaune a fili, ƙura na hawa kanta. Mai shago bai huta da nema mata wani akwatin ba. Ya zaga kasuwar kwamfuta, aka yi ta nuna masa akwatuna masu gilashi da fitilu kamar shagon aski, ko ramin noti ɗaya bai zo daidai ba. Ya gangara wajen 'yan gwangwan, ya cusa hannu cikin akwatunan da ɓeraye suka haihu a ciki, ya fito da zarnin fitsari har gwiwar hannu. Tir!

Ajali ya zo ta hannun mijin ƙanwarsa, mai walda, mutumin da ya iya ƙofa da taga ya ɗauka ya iya duniya. Ya auna Tsohuwa da ido, ya ƙera mata akwatin ƙarfe, ya faki ranar da mai shago ya fita, wai zai yi masa bazata. Ya shimfiɗe ta a kan zallan ƙarfe, babu 'yan ƙafafun nan da ke ɗaga allo kada bayansa ya taɓa. Inda rami bai dace ba, ya sa diril ya huda sabo. A jikinta fa, jama'a! Ya ɗaure noti tamau kamar mai kafa ƙyaure, sannan ya jona wuta da kansa.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tas". Mai shago ya dawo ya tarar da ƙauri, da suruki a tsaye yana murmushi. Har yau bawan Allahn nan yana nuna wa mutane kyan waldarsa.

Ta rasu ta bar kibod mai ƙaton fulogi, da linzamin kwamfuta mai ƙwallo a ciki, da injin yanka sitika, wanda tun ranar bai ce uffan ba, ga aikin mutane jibge a kan tebur.

Washegarin rasuwar wani mai gwangwan ya aiko da akwati irin nata sak, wanda aka daɗe ana nema. An wanke kashin kyankyaso, an shanya. A ciki za a sa ta gobe da safe, a ɗora a saman kantar shago, kuma a nan shago za a karɓi gaisuwa. Mai walda na iya zuwa saboda darajar ƙanwa, amma ya bar diril a gida. Masu son ganin gawa kafin a rufe za su tarar kowane rami ya hau kan notinsa daidai, in ban da guda ɗaya, wanda diril ya huda.