Ranar da Na Kusa Sa a Kori Madam Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na ja wa kaina a shekarata ta farko a wani furoje, wato shirin tallafi, na kiwo nan Dakoro. Na dawo daga karatu ina ji da kaina, aka ba ni aikin rubuta furogiram da zai tara nauyin dabbobin da aka yi wa rigakafi a Korahane da Sabon Maci. Na ce wa direkta kwana uku ma ya yi yawa (Allah ya shirye ni).

Dabarata ita ce, na tsara wa kowace dabba gurbin nauyi mai karɓar lamba iri biyu, tunda wasu an ɗora su a sikeli, lambarsu da wakafi, kamar kilo 23,5, wasu kuwa makiyaya ne suka kimanta da ido, cikakkiyar lamba. Na zuba su duka a jeri ɗaya, na zauna ina yaba wa kaina.

Da ƴan awaki ashirin abin ya tafi sumul. Ranar da aka zuba dabbobin duka, ordinater ɗin biro, wato kwamfutar ofis, ta fara nishi, memuwarta, ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, ta cika, ta tsaya cak. Maimakon in duba aikina, sai na waiga neman mai laifi. Idona ya faɗa kan Madam Rabi, sakatariyarmu, dattijuwa mai marayu huɗu, wadda muke raba na'urar da ita. Na taɓa ganin hotunan bikin ƙanwarta a ciki. Shi ke nan, na samu hujja. Na gaya wa direkta cewa ita ta cika na'urar da tarkace, wataƙila har ta kwaso wa na'urar cuta.

Direkta ba ya wasa. Ya kira ta, ya ce in aikin ya lalace a dalilinta, ƙarshen wata ta nemi wani wurin. Ba ta yi musu ba. Ta dai dube ni ta ce, “Ɗana, ka tabbata ni ce?” Ni kuwa na gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ran Laraba wata injiniya, Madam Zeinabu, ta zo daga Maraɗi duba aiki. Direkta ya tara mu, ya sa na maimaita bayanina. Ta saurara, ta ja kujera, ta sa na'urar ta auna wurin da kowane layi na furogiram ɗin ke ci. Minti goma bai cika ba ta ɗora yatsa a kan layi guda.

“Wa ya rubuta wanga?”

Na ce ni ne, da wata murya da ban san ina da ita ba.

Ta bayyana cewa ban faɗa wa jerin irin lambar da ke cikin gurbin ba. Don haka duk sanda na'urar ta zo karanta nauyin dabba, ba ta san abin da za ta tarar ba, sai ta ware sabon wuri a memuwa ta naɗe lambar, kamar mai awon da ke ɗauko sabon buhu don kowace tiya. Hotuna kuwa, in ji ta, suna can ajiye a wani ɓangaren, ba ruwansu da wannan. Ta raba jerin biyu, ta faɗa wa kowane irinsa. Kafin in haɗiye yawu, sakamako ya fito.

Zufa ta jiƙa mini riga. Amma wallahi, a ƙarƙashin kunyar nan wani sanyi na ji a raina, domin saura kwana shida wata ya ƙare. Da injiniyar ta makara da mako guda, da na raba baiwar Allah da abincin ƴaƴanta.

Na bi Madam Rabi har bakin ƙofa ina ba ta haƙuri. Ta gyara mayafi ta ce ta yafe tun ranar, sai dai ta ƙara da cewa, “Ni ban yi karatun lakwal mai nisa ba, amma in tuwo ya yi gudaji, ba maƙwabciya nike tuhuma ba.”

Tun daga ranar, in na'ura ta tsaya, layukana nake fara aunawa, bakina kuma a rufe har sai lissafi ya fito. Sau da yawa ma ba na buɗe shi bayan nan, don laifin nawa ne.