Ranar da Laraba Ta So Fasa Auren Bawa

"Lahiya lau, mun gode Allah. To mi ya kawo mai kunnuwan faifai Gwandu ba gayyata?"

Hamidu ya durƙusa a bakin ɗakin kakarsa Laraba, ƙurar hanya har gwiwa. Babansa ne ya aiko shi daga Kalgo ya taho da ita. Tun da mijinta Bawa ya rasu bara take zaune ita kaɗai, ido na ta raguwa, kuma sau biyu tana korar 'yan aike.

"Amaryata na zo ɗauka. Ga zanen tariya."

Ta shafa zanen, ta taɓe baki. "Wanga zane ne ko buhun gishiri? Rowa dai kun gaje ta. Da Allah zai maishe ni ranar da kakanka ya zo neman aurena, da muciya zan kore shi, in auri Isa na Dangoma mai shanu ɗari."

"Sai ki haifi Baba da wa?"

"In huta!"

"Ba Baba, ba ni. Ba ni, wa zai kawo zanen da ya ɓata maki rai har ki koma? Kin ga ba ki koma ba ke nan. Kina nan, ga mijinki durƙushe."

"Ɗan nema! To da kai za mu tahi, kai za ka riƙe muciyar."

"In kori kakana da hannuna? Yana juya baya in ɓace ɓat, muciya ta faɗi, ya dawo ya aure ki."

Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya. Ta daɗe tana murza bakin zanen.

"Ba waccan ranar nika so ba, Hamidu. Ranar da ya cika, ya ce in dama mashi hura. Na ce ya bari in gama tankaɗe. Na gama, na kai, na iske ya riga ni."

Sai a lokacin Hamidu ya gane. Ashe ba ɗakin take tsaro ba, nadama ce ta riƙe ta. Ya matsa har gwiwarsa ta taɓa tabarmarta.

"Kaka, in kin koma kin dama, mi zai ce?"

Ta ce a hankali, "Zai ce ta yi tsami."

"Ki ce mi?"

"In ce ya je uwatai ta dama mashi."

"To kin gani. Shekara hamsin yana kushe hurarki yana shanyewa. Rana guda ya bar ki lahiya, ita kika son komawa ki ɓata?"

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatu. Ta laluba ta ja kunnensa.

"Bakinka nashi ne sak, Allah shi shirye ka. Shiga ka naɗe mani shimfiɗa. Hular kakanka na nan kan gado, ka ɗauka, in har za ta shiga wanga ƙaton kai."