Inda Kindirmon Halifa Ya Tafi

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a asibitin Zurmi ba. Har yanzu in na tuna, sai na je na latsa ƙafar ɗana ko barci yake.

Da na yaye Halifa, ɗana na fari, surukata Inna ta aiko daga Gurbin Bore a kai mata shi kamar yadda aka saba. Na ƙi. Na ga wani bidiyo a waya, wata baturiya tana cewa yaron da bai ci nama, ƙwai ko nono ba ya fi lafiya da kaifin ƙwaƙwalwa. Ana tsaka da bayani datata ta ƙare (rabin da ban gani ba, ashe nan maganar take). Amma ni mai takardar sakandare, rabi ya ishe ni.

Na ɗora yaro kan kunun gero, kabewa da ruwan alayyafo. Inna kuwa ba ta yi fushi ba. Duk ranar kasuwa sai ta aiko da ƙwaryar kindirmo da ƙwan zabi, "na maigidana". Zubarwa almubazzaranci ne, don haka na samo musu wurin zuwa.

Bayan wata uku gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka cika. Na ce ƙiba ce. Har hoto na tura wa ƙawayena.

Ranar awo Inna ta shigo gari, ta ce za ta raka mu. Layi cike da mata. Malamar asibiti ta naɗa wa Halifa igiyar awo a dantse, ta danna ƙafarsa da babban yatsa. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"Wannan kumburi ne, tamowa ce," in ji ta. Ta sassauta murya. "Ƙanwata, gudun hijira kuka yi? Ba ku samun ko ɗan nono?"

Inna ta miƙe tsaye.

"Nono? Malama, jikan Fulani na wanga! Ƙwarya guda nike aikowa duk sati, da ƙwai sha biyu. Ke, ɗiyar nan, ina su?"

Matan layi duk suka juyo suna kallona.

"Ni nake sha," na ce.

"Ƙwan fa?"

"Da shayi."

Malamar ta dubi dantsen Halifa, ta dubi nawa (wanda hannun rigata ke neman yagewa a kansa). Wata tsohuwa daga baya ta ce, "To ai awon ya yi kyau, ba a dai aza wanda ya dace a sikelin ba." Mata suka kwashe da dariya. Inna ba ta yi ba.

Na ciro waya don in kare kaina. Malamar ta kalli bidiyon da datarta har ƙarshe. Ashe baturiyar ta lissafa wake, gyaɗa, waken suya da wasu magungunan ƙarin gina jiki, ta kuma ce kada a fara sai da likita.

Kwana tara muka yi a kwance. Inna ce ke ba shi madarar asibiti da cokali, ni ina wankin zannuwa. Ba ta zage ni ba ko sau ɗaya, abin da ya fi zagin ciwo. Ranar sallama kawai ta ce, "Yanzu ƙwarya biyu za ni aikowa. Guda taki, tunda kin saba."

Halifa ya murmure, alhamdu lillahi, gashinsa ya koma baƙi. Ni kuma na koyi abu guda: in data ta ƙare, ilimin ma nan ya tsaya. Ƙwarya ta biyun tana zuwa har yau, kuma ba na iya shan ta.