Mai Neman Haske da Guduma

Wani ne, cikin mutanen nan da ba sa bari a kai musu magana ƙarshe. Kana buɗe baki zai ce, "Na sani, na sani." Ɗakinsa kuwa duhu kamar cikin tulu. Taga ɗaya ce tak, 'yar mitsitsiya, ita ma katangar gidan baya ta tare rabinta. Sau biyu yana zuwa wurin aiki da takalmi wari baƙi wari ja, da aka yi masa magana ya ce shi ake yayi.

Ran nan matarsa ta lalubo man shafawa ta mulke fuska, ashe man goge takalmi ne. Tana fitowa matan maƙwabta suka tuntsire da dariya. Ta koma ta haɗa kayanta.

"Maigida, na tafi gidanmu. Kai ciwo, ido ciwo. Ni ba jemage ba ce. Ranar da ɗakin nan ya yi hasken da mutum zai zauna ya huta, ka neme ni."

"Haba uwargida, ai duhu sutura ne."

"To ka yafa."

Ta saɓa jaka ta wuce.

Gogan naku ya ga abin ba wasa ba ne, ya nufi shagon mai fenti.

"Fari za ka sa," in ji mai fenti. "Ka bi ko'ina, bango da silin. Amma kafin ka fara, ka rufe..."

"Na sani, na sani."

"Ko in zo in yi maka?"

"Don shafa kawai? Ni da nake shafa wa kaina mai kullum?"

Ya kinkimo bokiti biyu da burushi. Ai an ce ko'ina, sai ya bi ko'ina. Ya shafe bango, ya shafe silin, ya shafe ƙofa da mariƙinta. Ya shafe agogo. Ya shafe talabijin. Ya hau tebur ya shafe ƙwan lantarki. Da ya zo kan gilashin taga ya ce, "Ke ce uwar duhun," ya ba ta shafi uku.

Ya danna makunni. Ƙwan ya kawo wani ɗan haske kamar idon akuya mai zazzaɓi. Ya ce bari ya zauna ya ga ko sai fenti ya bushe. Ya manta har kujera ya shafe. Da zai tashi, shi ya tashi, bayan wandonsa ya zauna.

Ya sake wando ya koma shago yana huci.

"Fentinka jabu ne! Ɗaki ya ƙara duhu!"

"Ikon Allah. Tagar a buɗe take?"

"Wace taga? Sau uku na shafe ta."

Mai fenti ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Allah ya ba matarka lada."

Mai sayar da madubi a shagon kusa duk ya ji. Ya yafuto shi.

"Malam, madubi kake buƙata. Shi madubi abin da ya gani yake ninkawa. Sai dai ka kafa shi daidai inda..."

"Na sani, na sani. Ba ni bakwai."

Ya kai gida, ya buga ƙusoshi, ya rataye su a ko'ina, wannan na kallon wancan. Ya fita tsakar gida ya sha ruwa, ya ɗan sha iska a rana, sannan ya dawo da gudumarsa a hannu. Yana shiga, kafin idonsa ya washe, sai ya ga mutane tsaitsaye a cikin duhu. Fuskoki dabbare-dabbare da fari, gashi a hargitse, kowa riƙe da guduma.

"Su wane ne nan?"



Ya ɗaga guduma. Duk suka ɗaga. Ya ja da baya, suka ja da baya. Ya ce a ransa, ashe matsorata ne. Ya zaɓi wanda ya fi muni a cikinsu ya wurga masa gudumar. Tas! Ya kwasa a guje yana ihu, "Ɓarayi! Na kashe ɗaya, saura shida!"

Mutanen layi suka shigo da sanduna, suka haska da waya, suka fita suna riƙe ciki. Wata tsohuwa har da zama a ƙasa.

Ya koma wa mai madubi da ragowar fasasshen a leda.

"Ka ce zai ninka haske!"

"A'a, ban ce ba. Na ce abin da ya gani yake ninkawa. Duhu ya gani, sai kai."

A hanyar gida matarsa ta bugo waya.

"Ya yi hasken?"

"Saura ƙiris."

"To Baba ya ce jibi zai zo da kansa ya duba. In bai ga tafin hannunsa a ɗakin nan ba, sai a aiko mota ta kwashe mini gado da kujeru."

Gogan ya kashe waya. Ya rantse ba zai ƙara neman shawarar kowa ba, duk 'yan baƙin ciki ne. Tunda taga ɗaya ta gaza, sai ya buɗe ta biyu da hannunsa. Ya tsinto gudumarsa cikin tarkacen gilashi, ya zaɓi bangon da ya fi kusa da shi, ya tofa yawu a hannu. Dam! Dam! Dam! Ƙura ta tashi, gumi na zuba. A bugu na ashirin bulo ya rufta ta ɗaya gefen, haske ya kwararo fes.

"Yauwa! Wa ya ce ban sani ba?"

Ya zura kai ta ramin. Maimakon sararin sama sai ya ga ɗakin maƙwabcinsa tela, mai manyan tagogi biyu a wangale. Ga telan zaune a kan keken ɗinki, ƙura ta mayar da shi fari har gira. Rabin bulo na kwance a kan farin yadin da yake ɗinkawa, ɗaya rabin ya tarwatsa kofin shayinsa.

Maimakon ya ba da haƙuri, sai gogan ya zare ido.

"Au! Ashe a nan hasken nawa yake maƙalewa! Shekara nawa kana shan rabona kai kaɗai?"

Tela ya ajiye ɗinkin. Ya kakkaɓe gira, ya taso a hankali, ya sa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa goshin da ya leƙo ta ramin.

"Maƙwabci, ka yi kuskuren bango. Nan ya kamata ka buɗe tagar. Amma ka buɗe babba, don ko rana ce ta shiga nan sai ta yi lalube."