Ziyus Ya Jawo wa Lefteris Kora

Jiya da rana na sa kwat ɗina na zuwa coci, na nufi sinimar garinmu da manya suka sake buɗewa bayan shekara huɗu ana gyara. A ba su haƙƙinsu, aiki ya yi kyau: an shafa wa ƙofa fenti. Kujerar da na samu kuwa ita ce dai wadda ta yaga mini wando tun ina saurayi.

Layi uku na gaba an keɓe wa shugaban garinmu, Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle a bikin buɗe gini, da 'yan rakiyarsa. Awa ɗaya da rabi muka jira shi.

Fim ɗin wasan waƙa ne na barkwanci a kan gumakan kakanninmu. Ga Ziyus, sarkin gumakan, a kan dutsensa, tumbi ya yi gaba, mutanen wani ƙauye sun zo roƙon ruwa. Ya rera musu da murya mai daɗi cewa ruwa na nan tafe, ya naɗa surukinsa shugaban kwamitin gajimare, ya koma kan gasasshen ragonsa.

To, mu a unguwarmu wata bakwai ke nan famfo ba ya ɗiga sai Talata. Maƙwabciyata Evdokiya, mai gidan burodi, ta kasa daurewa. Ta ɗaga murya ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe har fim aka yi maka ba ka gaya mana ba?"

Wuri ya kaure da dariya. Mai Girma bai juyo ba, amma ƙeyarsa ta yi jawur.

Da safen nan aka manna takarda: an dakatar da fim saboda matsalar na'ura, an kuma sallami Lefteris, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana haska mana finafinai. Na same shi a shagon kofi, hula a kan gwiwa. Ya ce manyan da kansu suka zaɓi fim ɗin. Sun ga sunan Ziyus sun ɗauka na tarihi ne, ba wanda ya kalla. Saura wata takwas ya yi ritaya.

Evdokiya ta rufe shago ta tafi ofishin Mai Girma, ta ce bakinta ne ya yi laifi, ita za a hukunta. Aka ce mata mai karɓar koke yana wani tsibiri, wurin taron bunƙasa al'adu. Ta dawo ta ja Lefteris zuwa gidan burodi, ta ce daga yau shi zai kula mata da tanda.

Ni dai a rubuta cewa ban yi dariya ba. Tari ne ya sarƙe ni, kuma ina da shaidu ɗari biyu masu irin wannan tarin.